Kofi Mun Sha Ɗauka, Ƙungiya Ce Ba Mu Gina Ba

Na san abin da za ka ce da zarar ka ga kalmar besbol: me ya haɗa ɗan Daura da wannan wasan? Mu da ko a gidan kallo ba a kunna mana shi, in ma mai gidan ya yi kuskure ya kai tashar sai an yi masa ca a kai ya mayar kan Firimiya. Ka yi haƙuri dai ka ba ni aron minti goma daga cikin datarka. Akwai abin da Amurkawa suka daɗe da ganewa a wannan wasan nasu, wanda ya shafi filin ƙasar da ke bayan gidanku kai tsaye. Kuma yanzu ne lokacin faɗarsa, tunda zaɓen 2027 na ƙaratowa, ka san kuwa kakar kofin Honorabul ta kusa kankama.

A daren 1 ga Nuwamba 2025, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka buga wasa na bakwai kuma na ƙarshe na gasar World Series, wadda ke fitar da zakaran besbol na shekara. Ga wanda bai san wasan ba, mutum ɗaya ke jefo ƙwallo, ɗaya kuma ya tare ta da kulki. In ya buge ta sai ya ruga ya zaga tashoshi huɗu, duk wanda ya kammala zagayen ya dawo inda ya tashi an ci ɗaya ke nan. In aka fitar da masu bugu uku sai a yi musanya, masu jifa su koma bugu. To a wannan daren Toronto Blue Jays na gaba da ci 4 da 3, saura su fitar da mutum biyu kacal su ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1993. Sai ga wani ɗan wasa mai shekara 36, Miguel Rojas, wanda ba kowa ke lissafi da shi ba, ya maka ƙwallon ta tsallake katanga. Aka yi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci, Los Angeles Dodgers ta ci 5 da 4. Bugu ɗaya tak ya raba zakara da wanda zai koma gida da hawaye.

Washegari kowa ya zama masani a intanet: Dodgers sun fi zuciya, Toronto ba su iya riƙe wasa ba, da sauran irin maganganun da kai ma ka saba yi a guruf bayan an tashi wasa. Amma masu tafiyar da ƙungiyoyin can ba haka suke auna kansu ba. A gasarsu ƙungiya 30 ce, kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili. Sai bayan nan ne 12 ke wucewa zagayen sili-ɗaya-ƙwale, inda wasa uku ko biyar ko bakwai ke yanke hukunci. Kuma tarihi cike yake da gwanayen da suka mamaye doguwar kaka, sannan mako guda ya yi waje da su. A 2022 Dodgers ɗin nan ta ci wasa 111, San Diego Padres mai nasara 89 ta kore ta a karon farko da ta fito. A 2001 Seattle Mariners ta ci 116, ko wasan ƙarshe ba ta kai ba. Atlanta Braves ta jagoranci rukuninta sau 14 a jere tsakanin 1991 da 2005, amma kofi ɗaya ta ɗauka, a 1995. Ita kanta Dodgers, shekara 13 a jere tana shiga zagayen ƙarshe daga 2013 zuwa 2025, kofi uku ta samu. Duk da kuɗinta, sau goma ta je ta dawo hannu rabbana. Abin da kuɗi da tsari suka saya mata shi ne tikitin shiga kowace shekara. Abin da zai faru bayan an shiga kuwa, rabo yana da kaso mai tsoka a ciki.

Labarin da ya fi shiga raina shi ne na Oakland Athletics a 2002, domin su talakawa ne a cikin masu kuɗi, kamar mu. Albashin 'yan wasansu gaba ɗaya bai wuce dala miliyan 40 da 'yan kai ba, yayin da New York Yankees ke biyan ninki uku na haka. Bayan kakar 2001 manyan ƙungiyoyi suka kwashe musu taurari uku, cikinsu har da Jason Giambi da Yankees ta ɗauka. Manajansu Billy Beane bai da kuɗin sayo wani Giambi, sai ya koma kan takarda. Ya lura kasuwa na tsadar da masu bugu mai ƙayatarwa, tana kuma rena wanda ke da haƙurin isa tashar farko ba tare da an fitar da shi ba, alhali wannan ne ke haifar da ci. Ya ɗauko Scott Hatteberg, wanda ciwon gwiwar hannu ya sa aka yi watsi da shi, a kan kuɗin da bai kai dala miliyan ɗaya ba, ya canza masa gurbi a fili. A wannan kakar Oakland ta ci wasa 103, ciki har da 20 a jere, kuma Hatteberg ɗin ne ya buga ƙwallon da ta cika ta ashirin. Michael Lewis ya rubuta littafin Moneyball a kai a 2003, aka mayar da shi fim a 2011, wataƙila ma ka taɓa cin karo da guntunsa a TikTok.

Sai dai fim ɗin ya rage wani abu. Waɗanda suka fi ɗaukar nauyin ƙungiyar a shekarar, irin su Miguel Tejada da ya zama gwarzon ɗan wasa da Barry Zito da ya zama gwarzon mai jifa, da Tim Hudson da Mark Mulder, duk 'yan gida ne. Oakland ce ta ɗauko su ta rene su a ƙananan ƙungiyoyinta. Tejada yaro ne ɗan talakawa daga garin Bani na ƙasar Dominika. Lissafin Beane cike giɓi ya yi a kan ginin da aka shekara ana yi. Sannan ga ƙarashen labarin: wannan ƙungiyar mai nasara 103, Minnesota Twins ta fitar da ita a zagayen farko. Shekara huɗu a jere, daga 2000 zuwa 2003, a wasa na biyar na zagayen farko take faɗuwa. Duk da haka babu mai hankalin da ya ce ba ƙungiya ba ce, domin akwai wasa ɗari da sittin da biyu a rubuce da ke shaida.

Kada ka ce wannan sai ƙasar Turawa. A 2023 an taƙaita gasar Firimiyar Najeriya, aka raba ƙungiyoyi gida biyu, sannan shida na sama suka haɗu a Legas a watan Yuni don fitar da zakara. Bendel Insurance ta buga wasa 18 a rukuninta ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Da aka je Legas, cikin 'yan kwanaki, ko ukun farko ba ta shiga ba, Enyimba ta ɗauki kofin ƙarƙashin Finidi George. Bayan 'yan kwanaki kuma Bendel ɗin nan ta doke Rangers a Asaba ta ɗauki kofin ƙalubale. Ƙungiya ɗaya, 'yan wasa ɗaya, wata ɗaya, yau a ce ba ta iya ba gobe a ce gwana ce. Ko tamu Katsina United, manyanmu na ba da labarin yadda ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, ba ta ɗauka ko sau ɗaya ba. Wanda bai san ƙwallo ba zai ce gazawa ce. Ni kuwa ina ganin kai wa ƙarshe sau uku a jere ya fi ɗaukar kofi sau ɗaya nuna cewa akwai ƙungiya a Katsina a wancan lokacin. Da ta faɗa ajin 'yan dagaji a 2022 tare da Kano Pillars, doguwar kaka ce ta yanke mata hukunci, kuma duk zafin abin babu mai cewa an yi mata fashi a rana ɗaya. Sai a 2023 ta dawo ta hanyar Super 8 a Asaba.

To yanzu mu dawo gida. Ka tsaya ka lissafa irin gasar da ake yi a Daura da Mai'adua da Zango da Sandamu da Baure. Kofin Sallah, kofin shugaban ƙaramar hukuma, kofin ɗan majalisa, kofin ɗan takarar da fastarsa ta fi ragar girma, kofin tunawa da wane. Kusan dukkansu sili-ɗaya-ƙwale ne, mako biyu ko uku an gama, a ba da kofi da ambulan, a ɗauki hoto, a watse. Mun ɗauki ɓangaren da Amurkawa da kansu suka yarda caca ce, mun mayar da shi shi ne ƙwallon gaba ɗaya, mun bar doguwar kakar da ke gina ɗan wasa.

Yi lissafin da kanka. Gasar ƙungiya 32 wasa 31 ce jimilla. Ƙungiya 16, wato rabi cif, wasa ɗaya za su buga su koma gida. Takwas za su buga biyu. Zakara kaɗai da abokin karawarsa ke buga biyar. Yaron da ya yi wata uku yana tashi da asuba yana gudu a kan titin Kongolam, ya ci bashi ya sayi takalmi, minti casa'in ne rabonsa, watakila ma a bugun fenareti za a fitar da su. In ranar zazzaɓi ne ya kama shi, ko kocinsa ya sa shi a gurbin da ba nasa ba, shi ke nan, an yanke masa hukunci har wata Sallar. Wa zai iya sanin ɗan wasa a minti casa'in? Ko Messi yana da ranar da in ita kaɗai ka gani ba za ka saye shi ba.

Abu na biyu da irin wannan gasar ke haifarwa ka fi ni saninsa: 'yan haya. Tunda wasa ɗaya ne rai ko mutuwa, kuma kuɗin kofi kawai ake hange, babu mai ƙungiyar da zai yi kasadar sa yaron unguwa ɗan shekara 16. Sai a yi waya Kano ko Katsina ko Kazaure, wani lokacin har tsallaken iyaka, a ɗauko mutum huɗu ko biyar da jaka a kafaɗa, a biya su kuɗin wasa da na mota. Su zo su ci kofi da sunan unguwarku, mako mai zuwa ka gan su a wani garin sanye da wata rigar. Ban ga laifinsu ba, nema suke yi. Amma yaran da suka yi ta tirenin shekara guda su ne a gefen fili suna riƙe da ledar fiya wata. Mun sha yin gangami da babura muna zaga gari da kofin da 'ya'yan wasu suka ci mana. Bayan wata biyu ka tambayi inda ƙungiyar take, sai ka tarar ko sunanta an canza, domin wanda ya sayi rigar ya sauya jam'iyya.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a matsayina na mai karanta aikin jarida: ba ma rubuta komai. Ka tambayi duk wanda ka ga dama, wa ya fi kowa cin ƙwallo a masarautar Daura bara? Za a ba ka suna biyar, kowa da gwaninsa, a yi musu har a kira sallah, babu mai takarda. Alhali kai ɗin nan ka san ƙwallo nawa Haaland ya ci, ka san fas nawa Bruno ya bayar aka zura, kana iya kwana kana kare Arsenal da alƙaluma. Ilimin lissafin ƙwallo muna da shi, kawai a kan 'ya'yan Ingila muke ƙarar da shi. Billy Beane ya gano Hatteberg ne saboda wani ya zauna ya rubuta duk abin da mutumin ya yi a fili shekara da shekaru. Brighton ta ɗauko Moises Caicedo daga Ekwado a 2021 a kan kuɗi kaɗan, ta sayar wa Chelsea a 2023 a kan abin da ya kai fam miliyan 115, kuma ba a mafarki ta gan shi ba, bayanansa da bidiyon wasanninsa ta bi. Namu Hatteberg ɗin yana nan a Zango ko Baure, mai tsaron bayan da ba ya yanka, ba ya burge 'yan kallo, amma ba a wuce shi. Babu mai ganinsa saboda ihu muke aunawa, shi kuma aikinsa ba ya jawo ihu.

Rashin rubutun nan har kuɗi yake ja mana asara. A dokar FIFA, in aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Ɗauki misali: an sayar da yaro yuro miliyan ɗaya, ƙungiyar da ta riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 tana da yuro dubu goma a ciki. Ka mayar da shi naira ka ga ko kofin Honorabul nawa ne. Amma sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance mai rajista da hukumar ƙwallo, yaron kuma sunansa na cikin kundin a shekarun. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris da ke bin wannan lissafin ta kwamfuta, kuma abin da ke rubuce kawai yake gani. Kocin unguwar da ya sha rana shekara biyar a kan yaro, ya saya masa takalmi daga aljihunsa, in babu rajista ko sisi ba zai gani ba. Dillalin da ya ɗauke shi a mota ya kai shi wata akadami a kudu, shi zai ci moriyar.

Ga kuma maganar shekaru, wadda muke dariya a kai alhali abin kuka ce. A 2016, kafin wasan neman gurbi da Nijar, 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17 suka faɗi gwajin ƙashi da ake tantance shekaru da shi, kuma Nijar ta fitar da mu, mu da muke riƙe da kofin duniya a lokacin. Ƙungiyar da ta ajiye takardar haihuwar yaro da hotonsa tun yana ɗan 13 ta ba shi abin da ya fi sabon takalmi daraja, domin duk inda ya je za a yarda da shi.

In kana son ganin abin da ƙaramin gari zai iya, dubi Ikenne a jihar Ogun. Ba babban birnin jiha ba ne, ba shi da wani suna a ƙwallo a da. Kunle Soname ya kafa Remo Stars, ya gina fili, ya kafa makarantar renon yara ta Beyond Limits a gefenta, ya kuma bar koci Daniel Ogunmodede ya yi aikinsa shekara bayan shekara. Suka zo na uku a 2022, na biyu a 2023, na biyu kuma a 2024, sannan a 2025 suka ɗauki kofin Firimiyar Najeriya karon farko. A wata ƙungiyar gwamnatin jiha, da tun zuwa na biyu na farko an sallami kocin, an rusa hukumar, an kwaso sababbin 'yan wasa ashirin. Za ka ce ai Soname attajiri ne, kuma gaskiyarka. Amma Daura ba ta rasa masu hali ba. Garin da ya fitar da shugaban ƙasa, yake da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, ga kasuwar Mai'adua da ake juya miliyoyi duk Lahadi, ba kuɗin ƙwallo ne babu ba. Ana kashe su duk shekara, a kan kanofi da kujeru da makaɗa da fasta na rana ɗaya.

Abin da nake kira a yi ba wani abu ne mai wuya ba: lig ta masarauta. Ƙananan hukumomi biyar gare mu, kowace ta ba da ƙungiya biyu, goma ke nan. A buga gida da waje, kowace ƙungiya wasa 18, jimilla wasa 90, duk ƙarshen mako bayan la'asar. A fara da sanyi, a tsaya in azumi ya zo, a gama kafin ruwa ya sauka mutane su koma gona. Tafiyar ba ta da nisa, bas ɗaya ta isa ƙungiya ta je ta dawo kafin isha'i, kuma Allah ya rufa mana asiri hanyoyinmu ba su shiga halin da na wasu sassan jihar suka shiga ba. A rufe rajista kafin wasan farko, kowane ɗan wasa da hotonsa da takardar shekarunsa, ba ya buga wa ƙungiya biyu a kaka ɗaya. A ƙayyade baƙi, biyu ko uku sun isa. A wajabta sa yaro ɗan ƙasa da shekara 18 aƙalla biyu a fili. Biyun ƙarshe su sauka, wasu biyu su hau, ta yadda ƙungiyoyin Daura da ba su samu gurbi da farko ba su ma suna da abin nema. A kai takardun hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a Katsina domin rajistar ta zama ta gaske.

Sannan in an gama, huɗun farko su yi sili-ɗaya-ƙwale, a sa wasan ƙarshe da Sallah, a kira makaɗa, Honorabul ya zo ya miƙa kofi a ɗauke shi hoto. Ni ban ƙi biki ba wallahi, daɗin ƙwallo ma ai a nan yake, shi ya sa Amurkawa ba su soke nasu ba duk da sun san halinsa. Amma a ba wanda ya ƙare a saman teburi nasa kambun daban, domin shi ne ya fi kowa a shekarar, ko da fenareti ta ci amanarsa a ƙarshe.

Na san matsalolin, kada ka ɗauka a gajimare nake. Ɗan siyasa ya fi son taron rana ɗaya da zai cika fili ya yi jawabi, wasan mako na tara tsakanin na shida da na takwas a teburi ba ya kawo ƙuri'a. To a sayar masa da sunan gasar, wata biyar ana ambatonsa duk mako ya fi masa rana ɗaya, in yana da mai ba shi shawarar kirki zai gane. Kuma kada a dogara da mutum ɗaya, gidan mai da mai shagon waya da mai gidan burodi kowa ya ɗauki rigar ƙungiya guda. Matsalar da ta fi ba ni tsoro ita ce mu kanmu 'yan kallo. Lig ta gida da waje ba ta rayuwa a inda baƙo ba ya iya cin wasa ya fita lafiya. Ba ka manta abin da ya faru a Kano a Afrilun 2022 ba, lokacin da aka tashi wasan Pillars da Katsina United ba shiri, aka farfasa motar 'yan wasanmu, aka ci Pillars tara aka kuma zaftare mata maki. Mun yi ta Allah wadai a Facebook. Amma ka faɗa mini tsakaninka da Allah, alƙalin wasa nawa ka ga an bi da gudu a filin unguwarku? Dole dokar ta zama a rubuce tun ranar farko: magoya bayanku suka shiga fili ko suka taɓa alƙali, an kwashe muku maki uku, wasanku na gaba a wani garin za ku buga. Kuma a biya alƙalai daga asusun gasar, kada mai masaukin baƙi ya zama shi ke sallamarsu.

Naka aikin kuma ba sai ka jira kowa ba, kai da ke, don wannan ɓangaren bai ware mata ba, kuma a ajinmu na ga sun fi mu kula da rubutu. Wayar da kake karanta wannan da ita ta isa. Mutum biyu a kowane wasa: ɗaya ya rubuta sunayen waɗanda suka buga, wa ya ci, wa ya ba shi, minti na nawa, wa aka ba kati, wa aka canza. Ɗayan ya samu wuri mai tudu ya ɗauki wasan gaba ɗaya a kwance, ba guntun yankan da za a sa wa kiɗa a ɗora a TikTok ba, domin mai neman ɗan wasa yana son ganin abin da yaro ke yi lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa. A buɗe shafi ɗaya, duk daren Lahadi a sa teburi da jerin masu cin ƙwallo. Ko lig ɗin ba ta fara ba, a fara da kofin da za a yi nan gaba, a rubuta har da sunayen 'yan hayar da garin da aka ɗauko su, a ga nawa ne cikin sha ɗayan zakara 'yan masarautar nan. Daga Daura zuwa filin Muhammadu Dikko a Katsina tafiyar kusan kilomita 80 ce. Kocin Katsina United ba zai zo kallon kowane wasan unguwa ba, amma in aka tura masa takarda mai nuna yaro ɗan shekara 17 ya buga wasa 18, ya ci tara, ga bidiyon kowanne, zai buɗe ya duba.